Katse Mai Rubuta Manhaja Yana Tsakiyar Aiki: Tambayoyi da Amsoshi ga Ƙananan Tawagogi

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a duk inda mutum uku zuwa goma suka haɗu a ɗaki ɗaya, ko a guruf ɗaya, suna gina manhaja. Wasu daga bakin masu kamfani suke fitowa, wasu daga bakin yaran da ke gaban kwamfuta. Na amsa su gwargwadon abin da na gani a ƙananan ofisoshin da na zauna, da abin da masu bincike suka auna.

Tambayar minti ɗaya zan yi masa. Me ya sa yake haɗe rai?

Domin mintin naka ne, asarar tasa ce, kuma ba ta minti ɗaya ba ce.

Ka ɗauka Malam yana bin sawun wata matsala: kwastoma ya biya kuɗi, banki ya cire, amma manhaja tana nuna bai biya ba. A wannan lokacin yana riƙe da abubuwa biyar ko shida a kansa. Ya san saƙon banki ya iso da ƙarfe goma da minti biyu. Ya san an rubuta shi a rumbun bayanai. Yana zargin wani aiki da ke gudana kowane minti biyar ne ya zo ya goge abin da aka rubuta, kuma ya buɗe fayil uku yana kwatanta su. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a takarda. Sai ka dafa kujerarsa ka ce, "Malam, wai fasawod ɗin firinta fa?" Ya ba ka. Ka tafi. Ya juyo ya kalli fayilolin nan uku kamar yau ya fara ganinsu.

Duk wanda ya taɓa ƙirga damin kuɗi a kasuwa wani ya yi masa sallama a tsakiya ya san abin. Sai an koma farko.

Chris Parnin da Spencer Rugaber na jami'ar Georgia Tech a Amurka sun duba zaman aiki kusan 10,000 na masu rubuta manhaja 86. Sun tarar cewa bayan an katse mutum, yakan ɗauki minti 10 zuwa 15 kafin ya sake taɓa kod ɗinsa, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, kuma a zama ɗaya cikin goma ne kawai ya iya ci gaba cikin ƙasa da minti ɗaya. Tun a 1987 Tom DeMarco da Timothy Lister, marubuta a kan tafiyar da aikin manhaja, suka kawo kusan wannan adadi na minti 15. Ka lissafa da kanka: tambaya huɗu ta "minti ɗaya" kafin Azahar, awa guda ta tafi, kuma babu wanda zai iya nuna inda ta shiga.

Na sha jin ana cewa minti 23 ake ɗauka kafin hankali ya dawo. Gaskiya ne?

Adadin daga bakin Gloria Mark ya fito, farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, a wata hira ta 2006: minti 23 da daƙiƙa 15. Amma ba ta ce mutum yana zaune ne yana zare ido tsawon wannan lokaci ba. Abin da ta auna shi ne tsawon lokacin da ma'aikacin ofis yake ɗauka kafin ya koma kan aikin da aka ɗauke shi daga kai, kuma a tsakani yakan taɓa wasu ayyukan kamar biyu. Masu yaɗa adadin sukan yar da wannan ɓangaren.

Abu biyu daga aikinta sun fi wannan adadi amfani a wurina. Na farko, a wani gwaji na 2008 ita da abokan aikinta sun ga cewa waɗanda ake katsewa suna gama aikin, har ma da sauri, sai dai da ƙarin gajiya da takaici da matsi. Wato oga zai ga aiki ya fita ya ce ai babu matsala, alhali yaron ne ya biya da jikinsa. Na biyu, kusan rabin katsewar mu ne muke yi wa kanmu. Babu wanda ya kira ka. Kai ka ɗauki waya don ganin ko an ci ƙwallo. Taura biyu ba ta taunuwa, ko wani ne ya cusa maka ta biyun ko kai ka ɗauka.

To sai a hana magana a ofis ke nan?

A'a. Tawagar da ba ta magana tana gina abin da ba a nema ba, cikin natsuwa. Mutum 17 da suka haɗu a Snowbird ta jihar Utah a watan Fabrairu na 2001 suka rubuta sanarwar Agile a kan yadda ya kamata a gina manhaja, sun sa magana fuska da fuska cikin ƙa'idojinsu, kuma mu ma mun san zuwa da kai ya fi aike. Maganar ba ita ce matsala ba. Matsalar ita ce maganar da ke faɗowa mutum a ka ba tare da ya san za ta zo ba.

Mu biyar ne kacal. Ba mun yi ƙanƙanta da kafa dokoki ba?

Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya nuna a 1975 cewa hanyoyin magana tsakanin mutane suna ƙaruwa fiye da yawan mutanen. Mutum uku, hanya uku. Mutum biyar, hanya 10. Mutum takwas, 28. Mutum goma sha biyu, 66. Shi ya sa tawagar da take tafiya lami lafiya da mutum uku sai ta rikice da an ɗauki biyu ko uku, kowa yana mamakin me ya canza.

Ƙaramar tawaga tana da wata larura da babba ba ta da ita. Mutum ɗaya ne ya san sabar, wato kwamfutar da manhajar take gudana a kanta, shi ne ya rubuta ɓangaren biyan kuɗi, shi ne kuma ya iya gyara intanet ɗin ofis. Duk tambaya kansa take sauka. Sai ka tarar wanda ya fi kowa iya aiki shi ne wanda ba ya samun yin aiki, sai ya koma gida bayan Isha'i ya fara abin da aka ɗauke shi ya yi. Na ga wanda ya yi wata shida a haka, ya ajiye aikin, mai kamfani yana cewa bai san me aka yi masa ba.

Ta yaya zan ce wa oga, ko wanda ya girme ni, "ina aiki" ba tare da an ce na yi rashin kunya ba?

Wannan ita ce tambayar da shawarwarin Turawa ba sa amsawa, domin su a wurinsu "ba yanzu ba" magana ce mai sauƙi. Mu kuwa an rene mu a kan cewa babba in ya kira ka, ka ajiye abin hannunka. Mutum ya shigo ya yi sallama, amsawa wajibi ce, kuma bayan sallama akwai ina kwana, ya iyali, ya jikin Hajiya, ya muka ji da zafi. Yaro ɗan shekara ashirin da uku ba zai ɗaga wa mai kamfani hannu ya ce ya dakata ba, kuma ban ba shi shawarar ya gwada ba.

Mafita ita ce a cire "a'a" daga bakin mutum a sa ta a bakin doka. A zauna gaba ɗaya a yarda cewa daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, misali, lokacin shiru ne: ba kira, ba dafa kujera, ba mitin. Oga ne zai sanar da ita, kuma shi ne zai fara bin ta. Daga nan idan wani ya manta ya taho, yaron ba ya buƙatar ƙin kowa. Zai ce, "Ranka ya daɗe, lokacin nan ne da ka sa mana. In na kai sha biyu ina zuwa." Babu wanda ya ji kunya, domin umarnin ogan ake bi.

Ba sabon abu ba ne. Leslie Perlow, wadda yanzu take koyarwa a Harvard, ta gwada shi a shekarun 1990 da wata tawagar injiniyoyin manhaja a wani babban kamfani na Amurka: kwana uku a mako, daga safe zuwa tsakar rana, babu mai katse wani. Injiniyoyin sun ce aikinsu ya ƙaru, kuma abin da suke ginawa ya fita a kan lokaci. Sai dai bayan an gama gwajin, sannu a hankali aka koma gidan jiya, saboda har lokacin kamfanin wanda ya kashe gobara yake yaba wa, ba wanda ya hana ta tashi ba. Dokar tana rayuwa ne muddin manya suna riƙe da ita. Ranar da oga ya karya ta sau biyu a jere "saboda wannan na gaggawa ne", ta mutu, ko da takardar tana nan manne a bango.

Gaisuwa kuwa ba a soke ta. A yi ta da safe kafin tara, a yi ta cikakkiya, da shayi ma in akwai.

Me ke nan "gaggawa"? Kowa nasa na gaggawa ne.

Ku rubuta abin da ya cancanci sunan, kuma kada ya wuce layi uku ko huɗu. A yawancin ƙananan kamfanoni: manhaja ta faɗi kwastomomi ba sa iya shiga, kuɗin mutane yana ɓacewa ko ana cira sau biyu, an yi kutse ko bayanan mutane sun fita. Waɗannan a buga waya, a tashi mutum daga barci ma.

Sauran duka suna iya jira zuwa sha biyu. Kwastoma yana son a canza launin maɓalli, zai jira. Oga ya yi sabon tunani a hanyarsa ta zuwa ofis, ya rubuta ya ajiye. Hanya mai sauƙi ta gwadawa: ka tambayi kanka me zai lalace idan aka amsa bayan awa biyu. In amsar ita ce "raina ne zai ƙagu", ka rubuta saƙo.

Idan kowa ya shiga shiru, wa zai amsa wa kwastoma da sashen talla?

Mutum ɗaya, bi da bi. A kowane mako, ko kowace rana in kun fi so, a naɗa wanda duk tambaya da ƙorafi za su bi ta kansa. A wani ofis da na zauna "mai gadi" muke ce masa. A makonsa ba a ɗora masa babban aiki, sai ƙanana da za a iya ajiyewa a ɗauka. Abin da ya iya ya warware, abin da ya fi ƙarfinsa ya tara ya kai wa mai shi bayan lokacin shiru. Manyan kamfanoni irin su Google suna da tsarin karɓa-karɓa irin wannan ga injiniyoyin da ke kula da sabobinsu, kuma babu abin da ya hana mutum huɗu su yi nasu.

Akwai ribar da ba a zata ba. Mai gadi dole ya koyi ɓangarorin da ba nasa ba, sai ilimin da ya taru a kan mutum ɗaya ya fara yaɗuwa. Kuma idan aka yi masa tambaya ɗaya sau uku, haushi zai sa ya rubuta amsar a inda kowa zai gani.

Ni sabo ne. In na maƙale, in tambaya ko in yi ta fama?

Matambayi ba ya ɓata, amma a ofisoshinmu matsalar da na fi gani ba yawan tambaya ba ce, kunya ce. Yaro ya maƙale tun Litinin, yana tsoron a ce bai iya ba, sai Alhamis a gano bai motsa ba, a kan abin da babba zai warware masa cikin minti uku. Wannan ya fi katsewa goma tsada.

Ka ba kanka wa'adi: minti 20 zuwa 30 kana gwadawa da gaske. Ka karanta saƙon kuskuren har ƙarshe, ka bincika, ka bayyana wa kanka matsalar da baki kamar kana koya wa wani. Sau da yawa a nan amsar take fitowa. In ba ta fito ba, ka rubuta abu huɗu: me kake son ya faru, me ya faru, me ka gwada, da ainihin saƙon kuskuren, a kwafe, ba hoton da ka ɗauka da waya a karkace ba. Ka tura a guruf ɗin aiki inda kowa yake, ka kama wani abin kafin a amsa.

Ku kuma manya, ku ware wa sababbi lokaci sananne, ko da rabin awa ne bayan Azahar. Yaron da ya san ƙofa za ta buɗe da ƙarfe biyu zai iya haƙuri da safe.

Me ke laifin in tura "Salamu alaikum" in jira ya amsa kafin in faɗi buƙatata?

Laifin shi ne ka katse shi sau biyu. Ya bar aiki ya amsa sallama, ya zauna yana kallon "yana rubutu…", kai kuma ka tafi wani abu. Ka haɗa su a saƙo ɗaya: "Salamu alaikum Malam, da fatan an tashi lafiya. Shafin rajista yana ƙin karɓar lambar waya mai farawa da +227. Ba na gaggawa ba ne, kafin La'asar ya isa." An yi ladabi, an faɗi buƙata, an faɗi wa'adi.

Saƙon murya kuwa, ku yi haƙuri, ba na aiki ba ne. Mai turawa ya huta, mai karɓa ya saurari minti huɗu don ya tsinci jimla ɗaya, kuma bayan wata biyu babu yadda za a bincika a gano ta. In kwastoma ne ya turo, ba za a hana shi ba. Mai gadi ya saurara ya mayar da shi rubutu.

WhatsApp ya ishe mu, ko sai mun koma Slack ko Teams?

Kayan aiki ba ya gyara ɗabi'a. Tawagar da ke damun juna a WhatsApp za ta damu juna a Slack ko Teams, manhajojin saƙo na ofis. Amma WhatsApp yana da illa ɗaya ta musamman: saƙon aiki yana zaune ne tsakanin guruf ɗin 'yan uwa, na tsofaffin ɗalibai da na sanarwar ɗaurin aure. Ka buɗe don duba abu ɗaya, ka fito bayan minti goma sha biyar. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Duk abin da kuka zaɓa, ku raba gida uku. Hira da tambayoyin yau da kullum a manhajar saƙo. Ayyuka da kurakurai a inda ake bin sawunsu, kamar GitHub, Trello ko Jira. Shawarar da aka yanke kuma a rubuta ta a takarda ɗaya da kowa ya san inda take. "Ai mun yi maganar a mota" ba wurin ajiya ba ne.

Mitin fa? Nawa ne ya yi yawa?

Paul Graham, wani sanannen mai rubuta manhaja, ya rubuta a 2009 cewa manaja yana yanka ranarsa awa-awa, shi kuwa mai ƙera abu rabin yini yake buƙata a dunƙule. Mitin ɗin minti talatin da aka dasa da ƙarfe sha ɗaya, a wurin manaja gurbi ɗaya ne. A wurin mai rubuta kod ya fasa safiyar gida biyu, kuma babu ɓarin da ya isa a fara abu mai nauyi. Don haka lokacin mitin ya fi tsawonsa muhimmanci. Ku manna shi a jikin wani hutun da dama akwai: farkon shigowa, ko dawowa daga sallar Azahar da cin abinci.

Taron tsaye na kullum, inda tawaga take duba inda aiki ya tsaya, a tsarin tafiyar da aiki da ake kira Scrum minti 15 aka yanka masa. In naku yana kai minti arba'in, ya zama zaman ba oga rahoto. Duk maganar da ta shafi mutum biyu kawai, su tsaya bayan an watse. A watan Janairu na 2023 kamfanin Shopify ya share duk wani mitin mai maimaituwa da ya haura mutum biyu daga kalandar ma'aikatansa, ya kuma keɓe Laraba babu mitin. Ba sai kun kai nan ba, amma ku gwada soke ɗaya na wata guda ku ga ko wani zai yi kewarsa.

Sa abin kunne ya isa alamar kada a taɓa ni?

In an yarda da shi a matsayin alama, kuma in ba ka sa shi daga safe har yamma ba. Wanda kullum kunnensa a toshe, mutane za su daina ganin alamar. Masu bincike a Jami'ar Zurich tare da kamfanin ABB sun gwada wata 'yar fitila a kan tebur mai canza launi idan mutum ya nutse cikin aiki. A gwajin da ma'aikata 449 a ƙasashe 12, katsewa ta ragu da kashi 46 cikin ɗari. Jan kati da koren kati a jikin kwamfuta za su yi kusan wannan aikin ba tare da an kashe ko sisi ba.

Kada kuma a ɗauka tara mutane a fili ɗaya babu shamaki yana ƙara magana mai amfani. Ethan Bernstein da Stephen Turban sun auna kamfanoni biyu da suka rushe bangayen ofis, a binciken da suka fitar a 2018, suka ga magana fuska da fuska ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, saƙonni suka ƙaru.

Akwai katsewar da ba makawa: an kira salla, an ɗauke wuta, yaro ya shigo. Yaya zan rage asarar?

Salla ba ta cikin wannan lissafin, domin ka san lokacinta tun jiya. Katsewar da ka san tana zuwa za ka iya shirya mata, kuma sau nawa mutum ya tashi ya yi alwala amsar da ya nema awa biyu ta faɗo masa a hanya. Abin da za ka yi shi ne kafin ka tashi ka bar wa kanka wasiyya ta layi biyu a cikin fayil ɗin ko a takarda: "Ina zargin aikin minti biyar ne ke gogewa. Na gaba: duba layi na 140, gwada da biya biyu a jere." Wasu sukan bar ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da kwamfuta take yi wa kod da gangan a karye, don da sun dawo kwamfutar ce za ta nuna musu inda suka tsaya.

Ko da mutum ne ya tsaya a kanka, kana da ikon cewa "don Allah daƙiƙa goma," ka rubuta layin nan, sannan ka juyo gaba ɗaya. Wuta kuwa, ka saba da ajiye aikinka a Git, manhajar adana sauye-sauyen kod, a ƙananan matakai, kuma ka yi aikin da ya fi nauyi a sa'o'in da ka san batir ko janareta zai ɗauke ka.

Kwastomanmu yana Landan ko Amurka, saƙonsa yana shigowa da dare. Dole in amsa?

Duba agogo tukuna. Najeriya da Nijar suna gaban Landan da awa ɗaya a lokacin sanyinsu, a lokacin zafinsu kuma agogo ɗaya ne, don haka da Ingila babu wani uzuri na aikin dare. New York kuwa muna gabansu da awa biyar ko shida, ya danganta da watan. Ƙarfe tara na safiyarsu ƙarfe biyu ko uku ne na ranarmu, wato safiyarku duka taku ce, kuma kuna da awa biyu zuwa uku da za ku haɗu kafin Magariba.

Ku rubuta wannan tazarar a yarjejeniya tun farko, tare da lambar waya ɗaya ta gaggawa da ke hannun mai gadin makon. Ku faɗa musu ranar Juma'a daga sha biyu da rabi zuwa biyu da rabi ba kwa nan, da azumi kuma kuna tashi da wuri. Saƙon ƙarfe sha ɗaya na dare da bai shiga jerin abubuwan gaggawa da kuka rubuta ba, a amsa shi da safe kafin tara.